Wanda Ya Wanke Ƙafafun Yowel

Litinin, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Baban Yowel, na ɗauko ragowar littafin da nake koya wa mata karatu da shi, zan riƙa rubuta maka. Ka kwanta bayan majami'a ka ɗauka ka huta da bakina, to ga shi ya biyo ka a takarda. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Salome, matar ɗanka, tana fama da nata, ga goyo.

Jiya Fasto Barnaba ya yi sanarwar Lahadin Tunawa, ƙarshen watan nan. Ya ce mutum biyu ikilisiya ta rasa bana, Inna Nyele da tsoho Sibiri magini. Biyu ya ce. Na ɗaga kai na dube shi, ya hau danne takardunsa kamar iska za ta kwashe su, alhali ko ganye ba ya motsi. Mutum uku muka rasa, na ukun kuma ni na haife shi.

Takalman robarsa suna bakin ƙofa, inda abokansa suka ajiye su ran da suka zo faɗa mana. Su kaɗai aka dawo mana da su. Ban taɓa su ba, shara ma zagaye su nake yi.

Talata, 7 ga Nuwamba, da yamma

Na je wurin fasto.

Ka san al'adar ikilisiyarmu, kai ma da ita aka tuna ka. Alhamis ɗin makon Ista, sau ɗaya a shekara, muna wanke wa juna ƙafa, maza a ɓangarensu, mata a namu, kowa ya wanke ta wanda ke damansa. Idan mutum ya rasu, wanda ya wanke masa ƙafa a Istar ƙarshe shi ne zai tashi ran Lahadin Tunawa ya faɗi rayuwarsa, sannan ya ɗauko waƙar da mamacin yake so. Dangi ba sa magana, don so yakan sa su ƙari. Ba a tambayar mai tashi me zai ce. Shi kuma abin da ya sani zai faɗa, ba ƙari ba ragi.

Na same shi yana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Fasto, lissafi ne ya ɓace maka, ko ni ce na fara ruɗewa?"

Ya ce, "Inna, zauna tukuna."

"A tsaye na zo, a tsaye zan ji."

Yaron kirki ne, amma in ya ga magana ta taho sai ya nemi inda zai ɓoye idonsa. Ya ce dattawa ba su fitar da Yowel daga ikilisiya ba, daga Jibin Ubangiji kawai suka dakatar da shi tun da ya ɗauki bindiga ya shiga 'yan sa-kai. Ya ce ba wanda ya hana a tuna shi. Sai dai ba zai kira sunan da ba mai tashi a kansa ba, don kada a kira, majami'a ta yi tsit, a bar ni da kunya.

"Kin san wanda ya zauna a hagunsa ran Alhamis ɗin, Inna."

Na sani. Duk garin ya sani. Yero ne, Bafulatanin nan da aka yi musu baftisma rana ɗaya da Yowel a rafi, wanda yake kiwon shanun rabin ikilisiya. Tun watan Yuli bai sake taka garin nan ba.

Na ce to shi faston ya tashi. Ya ce fasto ba ya tashi sai in mai wankin ya mutu. "Yero yana raye, Inna. Yana garin Orodara."

Laraba, 8 ga Nuwamba, da rana

Ban fita ba. Masara tana gona tana jiran mai karya ta.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, da la'asar

Ni na wanke wa Inna Nyele ƙafa a Ista, saboda haka ni zan tashi a kanta. Ka ga yadda abin ya zo, zan faɗi rayuwar uwar wasu, ɗana kuwa babu mai faɗa.

Na je wurin 'yarta don in daidaita abin da na manta. Muka zauna muna tsince acca muna tunawa, har na yi dariya, na farko tun Satumba da muka rasa Yowel. Ka tuna ta tana sayar da bammi a gindin giginya, tana zagin duk wanda ya sha bai biya ba har kakansa? Da ta ba da gaskiya ta bar bammi ta koma daddawa, sai bencin mata ya ɗauki wari, ba mai iya ce mata komai. In ta tashi addu'a kuwa, sunan mutum take kira. "Ubangiji, ka ga Sibiri da ƙarya, ka taimake shi." Sibiri yana zaune yana cewa amin, don ba yadda zai yi.

Abin da ban sani ba, 'yarta ce ta faɗa min. Lokacin da mutanen ƙauyukan arewa suka gudo suka cika makaranta, tsohuwar ta buɗe rumbunta ta ce a ɗiba, ba ta tambayi mai zuwa coci ko mai salla ba. Da damina ta yi nisa ita kanta sau ɗaya take ci a yini, ta hana a faɗa.

Ƙafarta duk faso, ga ta da jin cakulkuli. Ina taɓa ta ta shure baho, ta jiƙa min zane. Daga ɓangaren maza ma ranar an yi dariya. Daga baya na ji dalili, wai Yero ne ya kama ƙafar hagun Yowel ya ce, "Wannan aiki da sauƙi, yatsu tara kawai, a rage min lada." Babban yatsan nan da fartanya ta cire masa a gonarka yana yaro, ka ɗauko shi a kafaɗa jini yana bin bayanka.

Takalman suna nan.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da yamma

Baba Ngolo ya zo da lemu a hularsa. Har yanzu shi ne babban dattijon ikilisiya, har yanzu kuma abokin wasana ne, tsufa bai gyara masa baki ba.

Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Baiwata, kin ga ubangidanki ba ki durƙusa ba?"

Na ce, "Shigo, bawa. Lemun wa ka sato?"

Ya ga takalman, ya ɗaga ƙafa ya tsallake gefe. Muka zauna. Shi ya jagoranci dattawa zuwa gidan nan a watan Mayu don su hana Yowel ɗaukar bindiga, bayan abin da mutanen daji masu bindiga suka yi wa motar kasuwa a hanya bara, wadda mahaifin Salome yake ciki. Ina bayan ƙofa na ji komai. Yowel ya ce masa, "Baba, in sun dawo, da waƙa za mu tare su?" Tsohon ya ce, "Ban ce maka ba za su kashe mu ba. Na ce mu 'yan cocin Menonayit ba ma kisa." A lokacin na ji kamar in fito in buga wa tsohon muciya. Har yau ban san wanda na fi jin haushinsa a cikinsu ba.

Na ce masa, "Kai ka tashi a kansa. Ai kusa da shi ka zauna."

"A damansa na zauna. Shi ya wanke tawa. Shi ya kamata ya tashi a kaina, ya yi min wayo ya riga ni."

"Hagu, dama, waye zai tuna wanda ya zauna ina?"

Ya ɓare lemu a hankali kafin ya amsa. "Ke za ki tuna, Firisila. Da ni. Da Yero."

Na ce masa zuciyarsa dutse ce. Ya ce ya sani, ya miƙo min rabin lemun. Sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, bayan sujada

Inda Yero yake zama ba wanda ya zauna. Inda matarsa Kumbo take zama a bayana ma haka. Mutane suna matsuwa a benci su bar wuraren.

Drisa, shugaban su Yowel, ya zo gaishe ni da yara biyu. Sun jingina bindigoginsu a jikin rumbuna. Ya ce sun ji ana son a binne sunan jarumi. Ya ce, "Inna, in coci ba ta faɗi sunansa ba, mu za mu zo mu faɗa da bakin bindiga, sama za ta ji."

Na ce, "Ka ɗauke ƙarfen nan daga jikin rumbuna, hatsi ne a ciki."

Amma ba zan ɓoye maka ba, da ya ce jarumi sai da wani abu ya yi min daɗi a ƙirji. Na ji kunyar daɗin.

Talata, 14 ga Nuwamba, da safe

Ba zan rubuta watan Yuli ba.

Talata, da la'asar

Abin da na sani kaɗan ne. Su Yowel sun fita a watan Yuli, sun dawo washegari. An ga hayaƙi ta bayan dutse, inda rugar su Yero take. An koro shanu ta tsakiyar gari, wasu ma namu ne, aka ce kowa ya zo ya nuna nasa. Ban je ba. Yowel bai kawo komai gida ba. Ya tuɓe rigarsa ya ajiye, na wanke ta sau biyu ƙaurin bai fita ba. Na sa masa tuwo da miyar kuɓewa ya ce ya ƙoshi. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

An ce Belko, ƙanin Yero, wanda aka kashe a rugar ranar, yana kai wa mutanen daji nono da labari. An ce. Ni Belkon da na sani shi ne mai kawo min nono yana cewa in daina tsawwala ciniki kamar matan ƙabilar Bobo.

Ɗana yana rera waƙa in yana noma. Ka san muryarsa. Bayan Yuli ban sake ji ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, da yamma

Na faɗa wa Salome zan je Orodara. Tana daka, ta tsayar da taɓarya.

Ta ce, "Inna, ki bar shi ya kwanta."

"Ya kwanta ina? Kabari ma ba mu san inda yake ba. Sunan ma a bar shi ya ɓata?"

"Gara shiru."

"Me kika sani da kike cewa gara shiru?"

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo gidan nan. Ta ce, "Abin da kika sani, Inna. Ni nake kwana kusa da shi." Ta gyara goyon Tene ta ci gaba da daka.

Na so in ce mata yarinyar da ke bayanta za ta girma ta ji ana faɗin rayuwar kowa, ta tambaya ina ta ubanta. Ban ce ba. Na shiga ɗaki na ninke zanen da zan sa.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da yamma

Na je na dawo.

Na bi babur mai ƙafa uku da ke kai lemu. A shingen bakin gari yaran Drisa suka gaishe ni da girmamawa, suka sauke wani mutum mai rawani suna juya katin shaidarsa. Muka wuce muka bar shi a nan.

Na sami su Yero a wani kango kusa da kasuwar shanu, an rufe taga da buhu. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Yanzu ɗaure wa mahauta dabbobi yake yi. Ya tashi ya ba ni tabarmarsa, ya ce, "Inna, da kanki?" Kumbo ta kawo ruwa ta ajiye nesa da hannuna, ta koma ciki. Akwai yara a tsakar gidan fiye da nasu, da wata mace da ta juya min baya. Ban tambayi ko wace ce ba.

Ya yi min gaisuwar Yowel kafin in buɗe baki. Ni kuwa na kasa yi masa ta Belko.

Na ce, "Ka san watan da muke ciki."

"Na sani."

"Kai ka wanke masa."

"Ni ne."

Ya murza igiya a hannunsa. Can ya ce, "Inna, kin san abin da kike roƙo? In na tashi, abin da idona ya gani zan faɗa. Ban iya wani ba."

Na ce, "Gara a faɗa da a yi shiru kamar ban haifa ba."

"Ba ki tambaye ni me na gani ba."

"Ba a tambaya."

Ya yi wani ɗan murmushi mara daɗi. Ya ce, "Ke da Baba Ngolo, uwa ɗaya ta haife ku." Na ce Allah ya kiyaye, wannan bawan nawa.

Daga ciki Kumbo ta ɗaga murya, ba da ni take ba amma don in ji. "In ka je suka ajiye ka a shinge, wa zai tashi a kanka? Ko shi ma sai an je Orodara an roƙa?"

Wallahi har na zo ban yi tunanin shingen ba. Ɗana kawai nake gani. Yero ya raka ni bakin titi ya ce zai yi addu'a a kai. Ya ce in gaida Salome da yarinya, har sunan Tene ya tuna.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, da rana

Na je sujada, bakina ya motsa, ban san me aka rera ba.

Laraba, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Baba Ngolo ya same ni a gona ina karyar masara. Ya ce Yero ya aiko, zai zo in akwai wanda zai shigo da shi ya fitar da shi. Ya ce shi zai je ya kwana Orodara ran Asabar, su taho tare.

Na ce, "Kai da ba ka iya hawa jaki ba?"

Ya ce, "In za su harbe shi sai sun fara da ubangidanki. Ki tanadi kukanki."

Ya kuma je wurin Drisa ya faɗa masa baki da baki cewa in suna son zuwa su zo, amma ƙarfe ba zai wuce bishiyar mangwaron bakin majami'a ba. Ban san me Drisa ya ce ba. Tsohon bai faɗa ba.

Na kira mutum mai 'ya'ya da marayu a wuyansa ya zo ya ratsa bindigogi saboda sunan mamaci. Na kusa aika masa kada ya zo. Har na kira yaron maƙwabta, sai na aike shi sayen gishiri. Ina tsoro, Baban Yowel. Ina tsoron kada ya zo, ina tsoron ya zo.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, da yamma

Mata mun share kaburbura. Na cire ciyawar da ke kanka, ka bar ta ta yi yawa, kamar gonarka. Kabarin Sibiri ya fi na kowa kyau, don shi ya gina abinsa tun yana raye, yana cewa bai yarda da aikin yaran yanzu ba. Ƙaninsa da zai tashi a kansa yana ta zagaye yana maimaita magana. Wai zai faɗi yadda Sibiri ya gina majami'ar nan damina biyu bai karɓi ko kwano ɗaya na masara ba, zai kuma faɗi cewa bangon gabas ya karkace kuma har ya mutu bai yarda ba.

Kowa da wurin da yake tsugunawa. Salome ta share na mahaifinta, sannan ta tsaya da tsintsiya a hannu tana dube-dube. Na kira ta muka tafi gida.

Asabar, 25 ga Nuwamba, da la'asar

Ngolo ya tafi. Takalman suna bakin ƙofa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi, bi da bi, don kada gobe zuciyata ta gyara shi.

Majami'a ta cika har waje. Su Drisa sun zo, sun jingina bindigogi a jikin mangwaro, sun bar ɗaya yana gadi, sauran suka tsaya a tagogi. An fara babu Ngolo babu Yero. Ƙanin Sibiri ya tashi ya yi nasa, aka yi dariyar bangon gabas, aka rera waƙarsa. Na tashi a kan Inna Nyele. Na faɗi bammi, na faɗi daddawa, na faɗi rumbu. Muryata ba ta yi rawa ba sai da na zo kan ƙafarta. Ina cikin ɗauko waƙarta na ga mutanen baya suna juyawa.

Ngolo ne a gaba da sandarsa, Yero a bayansa, hannun tsohon riƙe da rigarsa kamar mai jan yaro. Suka zauna. Da waƙa ta ƙare fasto ya tashi ya ce, "Yowel Barro." Na gode masa, ya faɗa da ƙarfi.

Yero ya fito gaba. Bai dubi taga ba.

Ya ce rana ɗaya aka nutsar da su a rafi, Yowel ya riga shi shiga, ya fito ya ce masa ruwan da sanyi, ya yi haƙuri. Ya ce shekarar da danginsa suka daina cin abinci da shi saboda bangaskiya, Yowel ne yake zuwa har makiyaya da tuwo a ƙunshe, su ci a kwano ɗaya, ya koya masa karatu a ƙasa da tsinke. Ya ce bai iya riƙe saniya ba ko kaɗan, maraƙi ma ya taɓa kayar da shi. Mutane suka ɗan yi dariya. Ya ce ranar da aka kawo gawar mahaifin Salome, Yowel ne ya haƙa kabarin shi kaɗai, ya hana kowa karɓar masa. Na ce a raina, ya isa haka, Ubangiji, ya tsaya a nan.

Bai tsaya ba.

Ya ce, "A watan Yuli aka zo rugarmu. Fuskokinsu a rufe, ban ga fuskar kowa ba, ba zan kira sunan wanda ban gani ba. Aka ce mu kwanta rub da ciki. Ana ƙona bukkoki. Ni ƙasa kawai nake gani da ƙafafu. Sai wasu ƙafafu suka zo suka tsaya daidai fuskata, a cikin takalmin roba. Ta hagu babu babban yatsa."



"Na san su, ni na wanke su. Suka daɗe a tsaye. Wani ya yi magana daga baya, sai mai ƙafafun ya ce, wannan na san shi, ɗan coci ne, ku bar shi. Aka bar ni. Ƙafafun suka juya, suka taka ta cikin toka mai wuta, suka nufi inda ƙanena Belko yake kwance. Na ji ƙara. Ban ga hannun da ya yi ba. Ƙafafun kawai na ga sun je, na ga sun dawo."

Salome ta sa fuskarta a cinyarta. Daga taga wani ya yi tsaki, na ji takun mutum ya nufi mangwaro, na ji muryar Drisa ta tsayar da shi.

Yero ya ce, "Saboda shi nake tsaye a nan, kuma 'ya'yan Belko suna gidana ba uba. Duka biyun na sani, duka biyun na faɗa. Da za a kawo min ƙafafun nan yau, ban san ko zan iya wanke su ba. Ina roƙon Ubangiji, bai ba ni ba tukuna. Amma ɗan ikilisiyar nan ne, ɗan'uwana ne, sunansa Yowel."

Sannan ya ɗauko waƙar, wadda ɗanka yake rerawa a gona. Ya ɗauko ta sama da yawa, muryarsa ta karye. Ya rera layin farko shi kaɗai, ba wanda ya kama. Ya shiga na biyu shi kaɗai. Sai Ngolo ya shigo da muryar nan tasa kamar ana jan tukunya a ƙasa, mata suka bi, sannan kowa. Ni ban iya ba.

Da aka tashi, mazan ikilisiya suka sa Yero a tsakiya, fasto a gaba, suka taka da shi har suka wuce shinge. Ban samu na yi masa magana ba. Da ya zo wucewa ta gabana na ce, "Yero, ya haƙurin Belko?" Ya ce, "Da godiya, Inna." Shi ke nan.

Salome ta riga ni zuwa gida. Ta ce, "Ke kika je kika kira shi." Ta shiga ɗaki ta rufe.

Litinin, 27 ga Nuwamba, da safe

Fasto ya aiko, sun isa Orodara lafiya. Ngolo ya kwanta, ƙafa ta kumbura. Drisa ya wuce ta ƙofar gida bai gaishe ni ba. Salome ta fito ta ɗora ruwa, ta miƙo min Tene na riƙe.

Na roƙa a faɗi rayuwarsa, an faɗa. Ba ni da wanda zan yi wa faɗa, kuma ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Da na sauke yarinyar na ɗebo ruwa a baho, na je bakin ƙofa na ɗauki takalman. Na juya su. Ƙasansu ya narke ya daskare, da baƙin gawayi a maƙale cikin robar. Na durƙusa na wanke su, na fara da na hagu. Gawayin bai fita ba. Na goge su da bakin zanena na shigo da su ɗaki.